Mujiyoyin Kukar Kan Iyaka

Shekarar da na ajiye alli, bayan na karantar da 'ya'yan mutane gwargwadon abin da Allah Ya ƙaddara mini, na iske kaina da yini mai tsawo da ƙafa mai sauran ƙarfi. Tsarana sunka rungumi inuwar ƙofar gida da rediyo. Ni kuwa na karɓi wata tsohuwar kyamara daga hannun wani mai hoto a Sakkwato wanda wayoyin hannu sunka kashe wa sana'a, irin mai dogon bakin nan wadda sai an ɗora ta bisa ƙarfe mai ƙafa uku, na shiga bin mujiya.

An sha tambayata dalili, ban taɓa ba da amsar da ta gamsar da kowa ba. Abin da na sani shi ne, ina ƙarami anka jefe wata a bayan masallacin unguwarmu a Wurno, da mutane sunka watse na ɗaga ta, na ji ba ta fi hula nauyi ba. Gari duka yana tsoronta, ita kuwa gashi ce da idanu. Wannan ya zauna mini a rai shekara da shekaru.

A farkon al'amarin ƙasa a buɗe take. Na zauna a gaɓar gulbi wajen Raba ina dakon duji, babbar mujiyar nan mai kunnuwa, wadda ke wuni cikin kwazazzabai. Na kwana biyu-biyu a Goronyo. A bayan Shinaka wani dattijon Bafulatani ya taɓa nuna mini 'yan ƙanana biyu a kan gawo, yana dariya yana cewa shi dai bai taɓa ganin Bahaushen da ya bar gona ya zo kiwon tsuntsu ba. Sannu a hankali waɗannan hanyoyi sunka rufe, ba sai na faɗa wa mutumin ƙasarmu dalili ba. Mutum da dogon ƙarfe a kafaɗa a bakin daji da yamma, babu mai tsayawa ya tambaye shi ko hoton tsuntsu ya fito ɗauka. Mai ɗakina ta ɓoye mini mabuɗin babur har sau biyu. Daga ƙarshe wuri ɗaya ya rage mini: wata kuka a kan hanyar Kwargaba, daidai iyakar gonata da ta taubashina.

Taubashin nan ɗan gwaggona ne, manomin albasa, na girme shi da shekara goma. Tun muna yara nake kiransa bawana, bisa al'adar ɗan namiji da ɗan mace, shi kuma ya kira ni uban gidana cikin muryar da babu ladabi ko kaɗan a cikinta. Lokacin da anka raba gonar kakanmu, ba a raba kukar ba, domin ba a raba itace mai rai. Ganyenta na gidajenmu biyu ne. Akwai turaku da anka kafa a jikinta tun zamanin kakanmu don hawa, akwai kuma amyar zuma ta taubashina ɗaure a reshen gabas. Ƙarƙashin reshen akwai kogo, a cikin kogon kuwa fararen mujiyoyi biyu, irin waɗanda mutane sunka fi ƙi.

Wahalar aikin ita ce, mujiya ba ta leƙowa sai rana ta taɓa ƙasa, kyamara kuwa ba ta gani sai da haske. Tsakanin leƙowarta da mutuwar haske akwai ɗan lokaci da bai wuce na alwala ba, kuma a cikinsa ne ladanin Kwargaba ke kiran magariba. Ban yarda in haska mata fitila ba, domin na taɓa gwadawa a Goronyo, tsuntsuwar ta firgita ta daki reshe a gabana. Saboda haka nakan zo bayan la'asar, in kafa ƙarfena, in zauna bisa buzu ba motsi har ƙuguna ya sage. In na yi sa'a in danna sau biyu ko uku, sannan in yi salla a nan gona in kama hanya kafin duhu. Shekara uku ina haka. Hotunan da na tara duk baƙi ne ƙirin da ɗan fari a tsakiya, kamar an ɗiga nono a marina.

A majalisa sunka naɗa ni Sarkin Mujiya. Na daure, ko da yake rabin masu dariyar ni na koya musu riƙon alƙalami.

Wata yamma bayan kaka, anka yi wani farin gajimare a yamma wanda ya riƙe haske bayan rana ta faɗi. Uwar ta fito bakin kogo, sai ga 'ya'ya uku sun biyo ta, jikinsu duk audugar gashi, sun jeru suna karkata kai suna dubana. Na danna. Da na duba, na ga kowane gashi a wurinsa, har turakun hawa da gindin amya sun fito. Na tafi Sakkwato da kaina na sa anka wanke mini shi babba, na sa a ambulan, na zura a aljihun babbar rigata. Na dawo ranar Alhamis da yamma. Washegari da safe sunan jikan taubashina, ɗan fari ga babban ɗansa, kuma da rigar nan na tafi.

An yi fatiha, an raɗa suna, ana rabon goro a ƙofar zaure, sai wani tela daga cikin tsofaffin ɗalibaina ya ɗaga murya.

"Ranka shi daɗe Sarkin Mujiya, yau ba a zaman fada? Ko talakawan naka sun yi tawaye?"

Anka bushe da dariya. Da na yi shiru da magana ta wuce kamar yadda ta saba wucewa. Sai na sa hannu a aljihu, na zaro hoton, na miƙa masa. Ya duba, dariyar ta tsaya masa. Hoton ya bi hannu uku ko huɗu, kowa ya karɓa da yatsu biyu ya yi maza ya miƙa gaba, har ya kai ga wani tsoho da ya kawo shi kusa da ido.

"Ai wagga kukar kan iyaka ce," in ji shi, ya juya ga taubashina. "Alhaji, ga amyarka nan. Ashe gida gare su cikin gonarka, har da ɗiya uku."

Wata mata da ta fito da kwanon waina ta leƙa ta gani, ta juya ciki da kwanon a hannu.

Na koyar da yara cewa mujiya ba ta ɗaukar ran jariri, kuma har gobe a kan haka nake. Amma ni haifaffen garin nan ne. Na san abin da mata ke ji game da tsuntsuwar nan in akwai mai jego a gida, na san ko kukanta anka ji sai a rufe jariri a yi ta addu'a. Duk da haka na ɗauko fuskarta huɗu na kawo ƙofar zaure ranar suna, don in rufe bakin tela.

Kwana shida bayan haka zazzaɓi ya kama jaririn har da jijjiga, anka kai shi asibiti. Labari ya zo mini, na kasa tafiya dubiya, na ce wa mai ɗakina ƙuguna ne ya hana. Ta dube ni, ta koma ga aikinta.

A rana ta uku da kai shi asibiti, da hantsi, taubashina ya yi sallama. Ya zauna nesa da ni a kan tabarma, bai taɓa ruwan da anka kawo masa ba.

"Yaya," ya ce, "jibi za a cusa kara ga kogon a sa wuta."

Tun da anka haife shi bai taɓa ce mini Yaya ba. Na ji kalmar kamar an rufe mini ƙofa.

"Akwai ɗiya ciki, ba su iya tashi ba," na ce. "Kuma kukar ba taka ba ce kai ɗaya."

"Jikan ma ba nawa ba ne ni ɗaya. Naka ne. Ka tahi ka gane shi?"

Ya ci gaba da cewa:

"Uwargida ta rantse ba a ƙara kaɗa miyar kukar nan gidanta in tsuntsun yana ciki. Likita ya ce sauro ne, ni ma na ji, ita ma ta ji. To mi kaka so in ce mata? In ce ta yi haƙuri, uban gidana na ɗaukar hoto?"

Bayan azahar na sa riga na tafi asibiti. Jaririn yana kwance an ɗaura masa ruwa a hannun da bai fi ɗan yatsana kauri ba, uwarsa ta sunkuyar da kai, kakarsa, matar taubashina, tana zaune a bakin gado. Na gaishe ta, ta amsa rabi. Ni da ban saba durƙusa wa kowa ba in ban da mahaifana, na durƙusa a kan simintin nan da ƙyar.

"Hajiya, na yi kuskure ranar suna, girman kai ne ya ja ni. Ki gafarce ni."

"Allah shi gafarta muna duka, Malam."

"Abu guda nika roƙo. Kwana ashirin, ɗiyan su yi fiffike su tahi. Ba ni son a ƙone abu da rai saboda wautata."

Ta shiga gyara zanen da anka lulluɓe yaron. Na ga roƙon bai shiga ba. Sai taubashina, wanda ke tsaye a bakin ƙofa, ya yi gyaran murya.

"Af, ni ma na tuna. Zumar amyar nan ba ta nuna ba. In anka sa hayaƙi yanzu ƙudan sun watse, kuma ita nika son a lasa wa yaron in ya warke."

Ta dube shi duban da mace ke yi wa mijin da ta zauna da shi shekara arba'in.

"To," ta ce. "In wata ya mutu a toshe kogon da ƙasa, ko da tsuntsu ko babu. Kuma Malam da hannunshi za shi kwaɓa ta."

Na ce na yarda. Da munka fito, na riƙe bango ina miƙe ƙugu, taubashina ya matso kusa da kunnena.

"Amyar nan ko ƙuda guda babu cikinta tun bara, uban gidana."

"Na sani, bawan banza. Ƙarƙashinta nika wuni."

"Ita ma ta sani," in ji shi, ya wuce ya bar ni.

Da na lissafa, kwana goma sha bakwai sunka rage ga watan, uku sun gaza abin da na roƙa. Na riƙa zuwa kowace yamma, amma ban ƙara ɗaukar kyamara ba, buzu kawai da buta. Audugar jikin 'ya'yan ta riƙa zubewa a gindin kukar. Babban ya fara fita reshe, ya yi kwana biyu yana kaɗa fiffike kamar mai kakkaɓe tabarma, sannan wata magariba ya saki reshen ya bi uwar. Na biyu ya bi bayansa da kwana huɗu. A cikin waɗannan kwanaki anka sallamo jaririn, ya koma gida yana shan nono, na je barka, babu wanda ya ambaci kuka. Na ɗan yi tsammanin za a bar maganar, amma ban tambaya ba, domin ni na ce na yarda.

Ƙaramin ne ya ƙi fita. Yakan zo bakin kogo ya tsaya ya yi ta huci, in uwar ta kawo ɓera ya karɓa ya koma ciki. Na zauna ina duban wata yana ramewa da asuba, ina duban tsuntsu da yamma, har na daina cin tuwon kirki. Saura kwana biyu, ladan ya ɗaga murya, na riga na tashi zan tayar da salla, sai na ji wani ɗan fuu a bisa kaina. Na ɗaga ido na gan shi ya faɗo kamar zai daki ƙasa, ya gyara, ya bi saman karan dawa a karkace har ya sauka a wata tsamiya can nesa. Sannan na tayar da sallata.

Washegarin da anka ga sabon wata, da safe, na kwaɓa jar ƙasa da ramno a gindin kukar. Taubashina ya tattare wando ya hau turaku yana nishi yana zagin kakanmu da ya kafa su nesa da juna. Ya buga itacen, iyayen sunka fice a firgice cikin hasken rana. Ya zura hannu har kafaɗa ya tabbatar babu kowa, sannan ya kwaso abin da ke ƙasan kogon ya zubo mini a guga: dunƙulen gashi baƙi, cike da ƙananan ƙasusuwa da haƙoran ɓeraye.

"Ga ɓarayin hatsinmu nan, an yi musu shari'a," ya ce daga bisa. "Miƙo ƙasa, ranka shi daɗe, sarautarka ta ƙare."

Na cika gugan na ɗaura, ya ja. Sau biyar munka yi haka kafin bakin kogon ya rufe.

Hoton yana cikin akwati a ƙarƙashin takardun aikina, kyamarar kuma na naɗe ta a tsohuwar riga. Ba ni da sauran inda zan kai ta, ƙuguna ma ba zai ƙara ɗaukar zaman buzu ba. Yaron ya girma har yana gudu a tsakar gida. Kowace shekara damina takan wanke gefen yaɓen, in ruwa ya ɗauke sai Hajiya ta aiko mini da tuwo da miyar sabuwar kuka a kwano mai murfi, ba tare da wani saƙo ba. Nakan ci, in wanke hannu, washegari in je in kwaɓa ƙasa.