Uwar da Suka Tayar a Fim ɗin Zane

Uwar jikata ita ce ƴata ta fari. Ban taɓa kama sunanta ba tana raye, ban kuma fara ba bayan ta rasu. Haka muka taso muka tarar a Damagaram: ɗan fari ana jin kunyarsa, ba a kiran sunansa, ba a zama ana ba da labarinsa. Ranar da aka fita da ita daga gidanmu na Kara-Kara, mata suna ta kuka, ni kuwa ina tsakar gida ina duba ko an kai wa baƙi ruwa. Ƴar da ta bari, wadda ba ta daɗe da shiga lakwal, makarantar boko, ba, ta dawo hannuna.

Yarinya ce marar magana. Da ta ɗan tasa, kawunta mai kabu-kabu ya bar mata tsohuwar wayarsa, ita kuma ta sa wani wasa a ciki, na ƴan matan zane masu waƙa, wai daga Japan. Za ka zaɓi ɗaya, ka koya mata rawa, ka sauya mata tufa, ka kai ta gaban jama'a. Kiɗa na tashi, yatsu na dukan gilashi. Ban so abin ba. Amma na duba da kyau, na ga ba wani namiji da ke kiranta, sallah ba ta wuce ta, sai na sa ido kawai.

Shekara da shekaru tana kan ƴar zane guda, wata mai gajeren gashi da ke tsayawa a baya. In na zauna ɓarar gyaɗa sai ta matso.

"Kaka, kin san uwarta ta rasu tana ƙarama?"

"Uwar wa? Ke ja'ira, zane ne fa."

"A gidansu ba mai zancenta. Shi ya sa take waƙa, wai ko uwar za ta ji."

"To. Miƙo mini faifan nan."

Ni ba yarinya ba ce, na san inda zancen ya dosa. Duk abin da ba ta iya ce mini a kan tata uwar, sai ta ɗora wa wannan. Ni kuma ina saurara, don a kan zane babu kunya. Ta nan kaɗai nake jin abin da ke cikinta.

Sai aka ce za a mai da wasan fim, irin na zane mai motsi. Duk daminar nan ba ta da wani zance. Ta ce mini a cikin wasan akwai wurin da wata tsohuwa ta gidansu ta zaunar da ƴar, ta ba ta labarin uwarta tun daga farko.

"Shi nake so ki gani, Kaka. Za ki kalla, ko?"

Na ce in na gama aikina.

Da ya fito, ta je Zango wurin masu tura fina-finai ta kwaso shi duka. Kawunta ya haɗa mana da talabijin. Muka riƙa kallo bayan la'asar, duk ranar da aka bar mana wuta. Su suna yarensu, rubutun Faransanci na wucewa a ƙasa, ita tana karantawa tana juya mini.

Tun a farko na ga fuskarta ta sauya. Ƴar zanen tata da kyar ake nuna ta, in ma an nuna ta, to da abinci a baki, ko ta yi tuntuɓe ta faɗi sauran suna dariya. Sun mai da ita wawiyar cikinsu.

"Ba haka take ba," in ji ta. "Jira dai, ba a zo wurin ba."

Muka jira. Tsohuwar ba ta fito ba. A kashi na ƙarshe aka yi babban taron waƙa, fitilu ko'ina, sai aka nuno wata mata cikin jama'a tana ɗaga hannu tana hawaye. Rubutu ya wuce, jikata ba ta juya mini ba.

"Me aka ce?"

Ta ci gaba da kallo.

"Da ke nake."

"Wai uwarta ce. Ta zo kallo."

"Ba kin ce ta rasu ba?"

"Sun tayar da ita."

Kawunta ya kwashe da dariya. "Kai, mutanen nan! Har mamaci suke dawo da shi. To ba gara haka ba, ɗiyata? Kowa ya tashi ransa fari."

"Kawu, ba ka san komai ba."

Ba ta taɓa yi wa na gaba da ita irin wannan magana ba. Ya dube ni yana jiran in tsawata. Ban tsawata ba.

Washegari da hantsi tana wanki, ina zaune kusa da randa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Kaka, tawa uwar fa? Tana waƙa?"

Ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba, ko ubanta bai taɓa ba. 

"Ba ta iya ba," na ce. "In ta sa baki a waƙar daka, sai ta rikita wa mata taɓarya."

Hannunta ya tsaya cikin kumfa. Ta jira. Akwai sauran magana, da yawa ma, amma bakin da ya saba rufuwa tun ina amarya ba ya buɗuwa don an so. Na ce, "Allah ya jiƙan ta. Yi ki shanya, rana na yi."

Ta ce amin, ta shanya.

A satin nan ta goge wasan daga wayar. Yanzu tana lise, babbar sakandare, ba ta da abin zargi: gaisuwa kan lokaci, aiki ba sai an sa ta ba, maƙwabta har yaba mini tarbiyya suke. Takan zauna kusa da ni mu yi aiki tare har mu gama ba wanda ya ce uffan. Ina kallon fuskarta, ban san me ke ciki ba.