Takardar da Ta Kai Mu Ƙofar Gidan Wani

Alhamis: Zonkwa zuwa Kaduna

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka gama ɗaure kaya, ni da matata Rifkatu da 'ya'yanmu mata uku. Ƙarfe biyar aka ce mota za ta tashi. Ba ta tashi ba sai biyar da ashirin da biyar, domin direba ya tafi salla. Na rubuta wannan a littafin aljihuna. Zan ba ku labarin bi da bi, 'yan'uwa na gida, domin maganar da ta iso muku cewa mun kwana a titi ba gaskiya ba ce. Saura ƙiris dai.

Shekara goma sha huɗu ina aikin duba-gari. A watan ƙarshe na mulkin soja aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Katsina, aka haɗa mini da takarda mai hatimi, wadda ta ce gida mai lamba tara a rukunin gidajen ƙananan ma'aikata da ke gefen GRA nawa ne. Kwana goma bayan an miƙa mulki ga farar hula muka tashi. Ranar Laraba na mayar da makullin gidan gwamnati da muke ciki, na sa hannu, wanda ya gaje ni ya karɓa. Rifkatu ta ce da na dakata na je ni kaɗai na ga gidan da idona. Na ce doka ba ta yarda ma'aikaci ya riƙe makulli biyu ba.

Motar ta wani Bakatsine ce, Malam Sada, wanda ya kawo albasa kudu, zai koma da citta. Rabin bayan motar ya ba mu: gado biyu, keken ɗinki, buhun masara biyu, buhun acca ɗaya, da manyan 'yan matan biyu a kan katifu. Shirina in isa Katsina kafin a tashi daga ofis ran nan, ko kuwa da sassafe washegari.

A Kachia 'yan sanda suka tsayar da mu. Na fito da takardata na miƙa. Kofur ya ga hatimi, ya sara mini, ya ce mu wuce. Na dubi Rifkatu. Ta ce, "Na gani, Baban Ladi. Ni dai Ubangijin da ya yi alkawari ba zai yashe mu ba shi na riƙe, ba takarda ba."

Na ce, "Shi ma ai da tsari yake aiki."

Kaduna, goma sha biyu saura kwata. Hanya duk ramuka ne bayan damina.

Kaduna zuwa Funtuwa

Daga Kaduna zuwa Zariya kamar mil hamsin ne. Awa uku muka yi. Na farko, Malam Sada ya tsaya sallar azahar. Na biyu, ya tsaya gaida wani aminin mahaifinsa a bakin hanya, gaisuwar da na duba agogo ta ci minti goma sha takwas, har jaki aka tambayi lafiyarsa. Na uku, ya tsaya ya ja wata motar da ta maƙale a taɓo, alhali bai san mai ita ba.

Na ce, "Malam Sada, ni ma'aikacin gwamnati ne, ana jirana."

Ya ce, "Yallaɓai, gidan naka ƙafa gare shi? Mi za ya sa ya gudu?"

Bayan Zariya taya ta fashe. Muka shiga Funtuwa ƙarfe shida da rabi, ya ce fitilarsa ɗaya ce, ba zai yi tafiyar duhu da ɗiyan mutane a bayan mota ba. Muka ci tuwon dawa da miyar kuka, kwabo talatin kwano, muka kwana a rumfar tasha. Kwatar bayan rumfar, da a yankina take, da mai ita ya gurfana gaban alƙali.

Juma'a: Funtuwa zuwa Katsina

Mun tashi shida daidai. Malumfashi bakwai da rabi, aka sauke citta buhu goma, abin da ba a gaya mini tun farko ba. Kankiya goma da kwata, ruwan mota ya tafasa. Nan na fusata. A gaban mutane na ce masa shi mutum ne marar tsari, kuma idan aka rufe ofis kafin in karɓi makulli, alhakin iyalina yana wuyansa. Ya sayi rake ya miƙa wa yara.

Katsina, sha biyu da ashirin. Na ce mu fara sauke kaya a ƙofar gidan, sannan in je ofis.

Gida mai lamba tara

Labule a tagogi. Rago a ɗaure a gindin bishiya. Tutar jam'iyya a kan ƙofa. Wani mutum da babbar riga yana zaune a tabarma yana cin goro. Na gaishe shi yadda ya kamata, na miƙa takarda. Ya karanta, ya juya bayanta, ya mayar mini.

Ya ce, "Wannan ai ta zamanin soja ce."

Na ce, "Gwamnati ɗaya ce, hatimi ɗaya ne."

Ya ce, "To, mu muka sha rana muka kafa wannan. Tun ran Litinin aka ba ni makulli. Kai ina kake lokacin zaɓe?"

Ina nake? Ina bin lungu ina zuba magani a rijiyoyi, domin masu zaɓen su rayu su jefa ƙuri'a! Ku lura da ranar: Litinin. Wato sa'ad da nake sa hannu ina mayar da makullina ranar Laraba, wani ya riga ya kwana biyu a gidan. Ba wanda ya buga waya, ba wanda ya aiko da layi ɗaya.

Ofis, ɗaya saura kwata. Akawu yana kulle durowa zai tafi masallaci. Ya ce babban jami'i ya tafi tarbar sababbin shugabanni, in dawo Litinin. Na ce iyalina suna kan mota. Ya ce, "Allah ya kyauta." Na ce ina zan kwana? Ya ce ba sashensa ba ne.

Na dawo na tarar da yara a inuwar mota, ƙaramar tana kuka. Malam Sada kuwa dole ya sauke mu kafin la'asar, domin mai citta yana jiransa, kuma yana da lodin Jibiya da safe. Baya babu gida, ni da hannuna na rufe. Gaba babu. Ban san kowa a garin ba. Na zauna a kan matakin mota, na ce wa Rifkatu, "Ina alkawarin da kika riƙe?" Na faɗa, kuma ina jin kunyar rubuta shi.

Ta ce, "Rana ba ta faɗi ba tukuna."

Ƙofar Sauri

Malam Sada ya dawo daga masallaci biyu da rabi. Na tsaya zan fara kwance igiya. Ya ce, "Yallaɓai, bar igiyar nan. Ku hau."

Bai ce ina ba, ni ma ba ni da bakin tambaya. Minti goma sha biyu muka yi, muka tsaya a wani lungu a Ƙofar Sauri, ƙofar wani gidan ƙasa mai zaure. Gidan goggonsa ne, Hajiya Binta, dattijuwa mai sayar da man gyaɗa. Sashen ɗanta, ɗaki biyu, a rufe yake tun da aiki ya kai shi Legas. Ta fito zaure, aka yi gaisuwa mai tsawo. Wannan karon ban duba agogo ba.

Malam Sada ya ce, "Goggo, baƙi na kawo maki. Gwamnati ta yi masu alkawarin gida ta hana. Kiristoci ne, daga kudu."

Ta dubi yaran ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Giya ba ta shigo mani gida."

Na ce, "Hajiya, ban taɓa ɗanɗana ta ba."

"Mi ne aikinka?"

"Duba-gari."

Ta tafa hannu. "Sada! Duk baƙin duniya ka rasa wanda za ka kwaso mani sai duba-gari? Wani irinku ya taɓa kifar mani da randa uku rana ɗaya, wai ya ga tsutsa!"

Rifkatu ta taka mini ƙafa don kada in ce mutumin aikinsa ya yi, domin ta san abin da zan faɗa ke nan.

Hajiya ta ce, "Sharaɗi ɗaya. Ka duba garin Katsina duka, amma ba ka leƙa randata."

Shekara goma sha huɗu ban taɓa ɗauke wa kowa kai ba, ko hakimi. Na dubi 'ya'yana. Na ce, "Na yi alkawari."

Ta kwance makulli daga bakin zanenta ta miƙa wa Rifkatu, ba ni ba. Ƙarfe huɗu saura biyar kayanmu na ƙarshe ya shiga ɗaki. Kafin magariba an aiko da fura da tuwo.

Na raka Malam Sada bakin mota, na ce abin da na faɗa masa a Kankiya kuskure ne, ko da mun iso tun jiya gidan ya riga ya tafi. Ya yi dariya ya ce, "Ka rubuta wannan ma a ɗan littafin naka, da lokacinsa." Na rubuta: huɗu da minti goma.

Bayan haka

Wata huɗu ke nan. Na rubuta wa ofis takarda uku, kowace da kwafi, ba amsa. Mutumin yana nan a lamba tara, ragon ne kawai babu. Ban huce ba, kuma ba zan daina rubutawa ba, domin abin da aka yi zalunci ne, ko da wace riga aka yi shi. Duk wanda aka yi wa canjin aiki a cikinku, ya je ya ga makulli a tafin hannunsa kafin ya saki na baya.

Amma Rifkatu ce ta yi gaskiya. Alkawari mai hatimi ya tsaya a ƙofar gidan wani. Wanda babu hatimi ya biyo ta hannun mutumin da na zaga a bainar jama'a, mai tsayawa ya ja motar wanda bai sani ba. Da irin direban da nake so na samu, da ya sauke mu a kan lokaci ya wuce.

Randar Hajiya tana tsakar gida, ina wuce ta sau huɗu a rana, idona a kan katanga. Ban leƙa ba ko sau ɗaya. Rifkatu ce ta gaya mini ba ta da murfi, ta saƙa faifai ta kai mata a matsayin tsaraba. Hajiya ta karɓa ta ce, "Ki gaida mani wanda ya aiko ki."

Mun iso gida. Godiya ga Ubangiji da ya riƙe maganarsa ranar da na yi shakka, ga Malam Sada, ga Hajiya Binta, da ku da kuka raka mu da addu'a tun daga bakin mota.