Ba a Wuce Makabarta a Kan Keke

Jiya na bi ta gefen makabartar Diffa, sai kawai na ga na sauka daga keke ina turawa. Nan na tuna da Kawu, yayan mahaifiyata.

Muna samari ya jagorance mu, ni da abokaina, muka ƙetare Komadugu da kekunanmu a kwalekwale, muka nufi Maiduguri. Da farko Damasak, sannan Gubio. Buhun tattasai ne ɗaure a bayan kekensa, duk wanda ya bi shi sai atishawa. Da rana tsaka muka iso makabartar wani ƙauye, ya ja birki.

"Ku sauka."

"Haba Kawu," in ji wani abokinmu, "ƙasar mutane ce fa. Waɗannan ba su san mu ba."

"Kai ma wata rana baƙo zai wuce ta kabarinka. Sauka ka yi sallama."

Muka tura kekuna cikin yashi mai zafi, ƙaya na huda mana takalma, shi yana gaba yana addu'a ƙasa-ƙasa. Haka ya yi mana a kowane gari har muka dawo.

Ya rasu a makon da mayaƙa suka tashi ƙauyenmu na bakin kogi. Muka binne shi da gaggawa muna jin harbi, washegari muka gudo. Tun daga nan hanyar a rufe take, babu mai bi ta wurin.

Allah ya yalwata masa makwanci. Allah ya buɗe hanyar nan tun ina da ƙafar zuwa.