Hannun Daman Sammani Guduma

Sammani taubashina ne, ɗan gwaggona Sabuwa, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izini tun daga haihuwa. A Ƙofar Sauri aka haife shi, gidan mahauta. Ya girme ni da 'yan shekaru, kuma tun muna yara ya fi ni ƙarfi, na fi shi baki. Ni aka sa ni makarantar boko har na zama malamin firamare mai koyar da tarihi. Shi kuwa ya bi ubansa kwata, ya iya fiɗa tun kafin ya iya ɗaura wando da kyau.

Dambe a gidansu gado ne kamar wuƙa. Da an yi girbi, kalangu ya fara tashi a ƙauyuka, sai Sammani ya bar teburin nama a hannun ƙannen ubansa ya bi ayarin 'yan dambe, yau Batagarawa, gobe Rimi, wani lokaci har Jibiya. Ga wanda bai taɓa gani ba, hannu ɗaya ake naɗewa da ƙyalle, a bi shi da igiya a ɗaure tamau har ya zama dunƙule guda, da shi ake naushi. Ɗayan a buɗe yake, ana miƙa shi gaba ana tare abokin karo. Wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, ko da zai tashi yana dariya. Sammani ya yi wa maza da yawa irin wannan kisan. Shi ma an kashe shi, sau biyu in ji shi, fiye da haka in ji ni da nake zuwa kallo. Makaɗa ne suka sa masa Guduma, sunan kuma ya zauna.

Wajen lokacin yaƙin basasa ubansa ya rasu, sai ya ajiye dambe ya riƙe teburin gidan. Amma hannun bai san an ajiye ba. Damtsensa na dama ya fi na hagu kauri sosai, har tela sai ya ƙara yadi a hannu ɗaya in zai ɗinka masa kaftani. In ya ba ka hannu kuna gaisawa, kafin a kai ga tambayar iyali ka fara neman hanyar kuɓuta. Mutum ne mai fara'a, ba ya faɗa da kowa, ya ce faɗan da ba kalangu aikin banza ne.

Sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. Shekarar da aka raba wa ma'aikata kuɗin Udoji, garin Katsina ya haukace da saye. Ni kaina na sayi babur Basfa, na yi ta yawo da ita har wuraren da ba a aike ni ba. Masinja da a da ke sayen ƙashin miya ya koma yana nuna cinya da yatsa. Sammani ya tashi daga yanka sa ɗaya ya koma biyu, ya kafa tukubar tsire da balangu, ya rufe gidansa da kwano. Kuma duk san da aka yanka, tozonsa ba na sayarwa ba ne, na Sammani ne. Ya ci tozo da safe, ya sha romo da ɓargo da rana, ya bi da lemon kwalba mai sanyi. Tumbi ya fito masa har yana rigansa shiga zaure. Na ce masa yanzu in ya koma fage ba sai an naushe shi ba, a jira shi kawai ya sunkuya.

A cikin wannan wadata ya yi abin da har gobe nake yaba masa. Ya biya wa kansa da Gwaggo Sabuwa kujerar Makka. Tsohuwar ta daɗe tana wannan buri, ga shekaru sun ja, ga ido ya fara yi mata hazo, ita kanta ta san ba ta da wata baɗi da za ta dogara da ita. Shi ne muharraminta, tare aka rubuta su, in bai tafi ba ba za ta tafi ba. Ni ma ɗan wanta ne, zan iya raka ta, amma an riga an rufe karɓar sunaye. Ta wanke fararen kayanta, ta soya dakkakken nama, ta bi dangi gida gida tana neman gafara.

Saura allurar rigakafi da duba lafiya. Ni na ɗauki Sammani a Basfa, tayar baya tana kuka, Gwaggo kuma ta biyo mu a tasi. Wanda ke awon jini a wurin wani dattijon ma'aikacin asibiti ne, Malam Yahaya, mutumin Ƙofar Kwaya, mai sanyin magana. Ya auna Gwaggo ya ce jininta ya fi na wasu 'yan mata daidai. Sannan Sammani ya zauna, ya naɗe hannun riga. Malam Yahaya ya ɗauko ƙyallen awo ya naɗa masa a damtsen dama, ya fara matsa 'yar robar nan, ƙyallen ya kama hannu tamau.

Ni da nake tsaye a gefe na ga abin da ya faru. Idon Sammani ya kaɗa, wuyansa ya kumbura, yatsunsa suka dunƙule har suna ƙara, ƙafarsa ta hagu ta zame gaba a ƙarƙashin tebur. Tun da aka haife shi ba a taɓa ɗaure masa wannan hannu ba sai in za a shiga fage, jikinsa kuwa bai san wata ma'ana ba. Malam Yahaya ya dubi ma'auni, ya goge tabarau, ya sake duba.

Ya ce, "Malam, da ƙafarka ka zo nan?"

Sammani ya ce, "A babur aka kawo ni. Mi ya faru?"

"Saki jikinka, buɗe hannun."

"Ai a sake nike."

A sake yake, in ji shi, alhali jijiyar goshinsa ta miƙe. Aka mayar da ƙyallen hannun hagu. Sai hagun ya miƙe gaba, tafi a buɗe kamar mai tare naushi, daman kuma ya dunƙule da kansa a kan cinya. Mutanen da ke layi suka fashe da dariya, wani tsoho daga baya har ya fara yi masa kirari. Ni ma na yi dariya har da hawaye, sai da Malam Yahaya ya kira likita na ji hukuncinsa, dariyar ta ɗauke. Ya ce ba zai sa hannu mutum ya hau jirgi ya shiga zafin Makka da jini a sama haka ba.

Malam Yahaya ya ja mu gefe ya yi mana bayani a hankali. Ya ce abu biyu ne suka haɗu. Akwai hawan jini na gaskiya, wanda kitse da gishiri da zama wuri ɗaya suka jawo, akwai kuma wanda Sammani ke ƙara wa kansa da zarar an ɗaure shi. Ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ya rage tozo, ya riƙa tafiya da ƙafa, mu dawo kafin jirage su fara tashi daga Kano. In awo ya sauka, shi ke nan. Gwaggo ta koma gida ta zauna kusa da akwatinta, kuma wannan zaman ya fi duk naushin da Sammani ya taɓa sha ciwo.

Tafiyar ƙafa ta faɗo a kaina. Kullum bayan sallar asuba mu bi gindin ganuwa daga Ƙofar Sauri mu nufi Ƙofar Durɓi. Da farko a nan yake zubewa yana haki. Sannu a hankali muka riƙa kaiwa Marusa, muka kai Ƙaura, har wata rana muka zagaya ta Kwaya da Yanɗaka muka ɓullo Guga. Don kada ya ji nisa sai in riƙa ba shi tarihi, tunda yaran ajina ma haka nake musu dole. Na nuna masa ƙofar da Turawa suka shigo ta cikinta, ya ce da sun tarar da shi a bakinta da sun sake shawara. Na ba shi labarin da ake faɗa na Korau, wanda ya ka da Sanau a kokawa ya yanka shi, ya karɓi sarautar Katsina. Ya tsaya cak, ya ce, "Kokawa? Ashe shi ya sa. Da dambe suka yi da ba a kai ga yanka ba, kowa ya tahi gida ya gasa fuska." Na ce masa shekara ɗaruruwa malamai na nazarin wannan magana ba wanda ya hango haka sai mai tozo.

Tumbi ya fara ja da baya. Matarsa Zuwaira ta ɓoye gishiri, ta koma yi masa miyar kuka da kwaɗon zogale, yana ci yana ɓata rai kamar yaron da aka yaye. Yana yanka tozo ya miƙa wa masu saye yana kawar da kai. Amma matsalar hannu tana nan. Duk lokacin da muka leƙa wurin Malam Yahaya don gwaji, da ƙyalle ya taɓa damtse sai Guduma ya dawo.

Zuwaira ce ta kawo dabarar ƙwai. Ta ɗaure masa damtse da ɗankwalinta, ta sa masa ɗanyen ƙwan zabo a tafin dama, ta ce ya zauna. Na farko bai kai ko'ina ba, ya tarwatse har a gemunsa. Na biyu ma haka. Makon nan gidan Sammani sun ci wainar ƙwai har yara suka fara gudunta, ni kuma ban taɓa zumunci irin na lokacin ba. Da tafiya ta yi tafiya ya koyi zama da ƙwai a hannu, ɗankwali na matse da shi, yana hira, ƙwai lafiya lau. Muka gwada a asibiti, awo ya sauko ƙwarai. Malam Yahaya ya yi dariya ya ce ranar da likita zai duba a zo da ƙwan, shi bai ga dokar da ta hana ba.

Ranar ta zo, ita ce dama ta ƙarshe. Wurin ya cika maƙil da maniyyata daga ƙauyuka, ana ture-ture a bakin ƙofa. Sammani ya sa Gwaggo a gabansa yana kare ta da jikinsa har muka kutsa ciki. Da ya zauna gaban Malam Yahaya, likita na tsaye a kansu, ya sa hannu a aljihu, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya fito da yatsu sharkaf da gwaiduwa. Babu inda za a samo wani ƙwai a cikin wannan cunkoso, bayanmu kuma layi har waje. Ya goge hannu a riga, ya dube ni. Ban taɓa ganin tsoro a idon Sammani ba sai ranar.

Malam Yahaya ya naɗa ƙyalle. Tun bai fara matsawa ba yatsun suka soma tattaruwa.

Sammani ɗan fari ne. Gwaggo ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama kusa da shi a gaban mutane, in za ta ba shi abu sai ta ajiye a ƙasa ko ta ba wani ya miƙa. Haka aka tarbiyyantar da su, haka ta rayu shekara arba'in da wani abu. Sai ga ta ta taso daga benci tana laluben gefen tebur. Ta kawar da fuska wajen bango, ta zura hannunta, ɗan siriri mai kumburarrun gaɓoɓi, cikin tafin daman Sammani, ta bar shi a nan.

Malam Yahaya ya matsa roba, ƙyalle ya kama damtse. Na zuba wa hannun ido, amma bai rufe ba. Kafaɗunsa suka sauka, ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan rigar da ƙwai ya ɓata. Likita ya leƙa ma'auni, ya gyaɗa kai, ya ɗauki alƙalami.

Malam Yahaya ya ce, "To, Alhaji, Allah ya sa a yi karɓaɓɓiya."

Gwaggo ta zare hannunta ta mayar cikin mayafi. Ta juyo wajena ta ce, "Babaji, ce ma wancan ya tashi haka nan, mutane na jira."

Na goya shi a Basfa muka kama hanyar Ƙofar Sauri. Da hagu ya riƙe ni, daman kuwa yana kan gwiwarsa a buɗe har muka isa gida.