Makullin Motar Kofur Garzali

Mutanen Gyadi-Gyadi ba su cika kiran Garzali da sunansa ba, Kofur suke ce masa. Ɗan manomi ne, a nan aka haife shi tun unguwar ba ta wuce 'yan gidajen ƙasa da gonaki a bakin hanyar Zariya ba. Ya shiga soja yana saurayi, aka kai su yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu. A can ya koyi tuƙi, a can kuma kunnensa na hagu ya daina ji. Da ya dawo sai ya kama aiki a wani kamfanin sayen gyaɗa, ya shekara goma yana jan babbar mota tsakanin ƙauyuka da tashar jirgi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana. In kana yi masa zance sai ya karkato maka kunnen dama, ya zuba wa ƙasa ido har ka gama.

Matarsa Sa'adiya 'yar Darmanawa ce. A shekara goma sha ɗaya da suka yi tare, sau uku cikinta yana isa haihuwa, sau uku ana binne jaririn tun kafin ranar suna. A na ukun ita ma da ƙyar ta tashi. Ma'aikaciyar asibitin da ta duba ta daga baya ta ce in Allah ya sake kawo rabo kada a kuskura a bar ta ta haihu a gida, da ta ji ciwo a garzayo da ita. To a lokacin, daga Gyadi-Gyadi zuwa asibitin birni, in ba keke ba sai jaki ko ƙafa.

A farkon shekarar 1957 Kofur ya ajiye aikin kamfani, ya sayi wata tsohuwar baƙar mota a gwanjon kayan wani Bature mai komawa gida. Ya gaya wa mutane haya zai riƙa yi, kuma ya yi, yana kai 'yan kasuwa Wudil da Dawakin Kudu. Amma Sa'adiya ta san sati uku kafin gwanjon ta gaya masa ta yi ɓatan wata. Bai taɓa ce mata don ita ya saya ba, ita ma ba ta tambaye shi ba. Ya kafa wa motar rumfar zana a jikin zaurensa. Tun da watan haihuwa ya kama ya daina zuwa nesa, ya cika tanki da mai, ya juya kanta yana kallon hanya.

Wata Litinin cikin kaka ya tafi gonarsa a ƙafa don ya tone gyaɗa, Sa'adiya kuma ta shiga maƙwabta barkar haihuwa. Tsakanin hantsi da azahar wani ya haura katangar baya, ya ɓalle ƙofar ɗakin Kofur, ya ɗauke akwatinsa na ƙarfe ɗungurungum. Babbar rigarsa ta sallah tana ciki, da lambar yabon soja, da makullan motar guda biyu a zobe ɗaya.

Da Kofur ya dawo ya tarar da mata cike da tsakar gida suna salati. Sai da ya fara duba fuskar matarsa, ya ga lafiya take, sannan ya shiga ɗakin. Ya daɗe yana kallon shatin akwatin a daɓe. Ya kai magana wurin mai unguwa, 'yan doka suka zo suka duba sawu a gindin katanga, suka ce za a bincika. Shi dai abu ɗaya ne a ransa. Mota ɗaya ce tak a unguwar, duk wanda ya buɗe akwatin nan ya san ta wa ce da inda take kwana. Ɓarawo yana iya tayar da ita, mai ita ba ya iyawa.

Ya ɗauko gora da tabarma ya ce daga yau a gindin motar zai tare.

Sa'adiya ta ce, "Malam, in ka tare a waje, ni kuma wa zai ji ni in na kira? Da wane kunnen?"

Ya ajiye gorar da tabarmar.

Ta ce, "Ka je ka kira Saje."

Saje shi ne Callistus, mutumin Kudu, bakanike, wanda suka yi soja tare. Yana da rumfar gyara a gindin wata tsamiya a Tarauni, yana zaune da matarsa Felicitas a ɗakin haya nan kusa. Shekarunsa a Kano sun sa Hausarsa ta nuna, sai dai har yanzu yakan haɗiye wasu haruffa. Kofur ya ari keke ya same shi kwance a ƙarƙashin wata babbar mota. Da Callistus ya ji abin da ya faru bai ko wanke hannu ba, ya zuba sifana da 'yan wayoyi a jaka, ya hau bayan keken.

Da suka iso, Callistus ya zagaya motar sau biyu. Ya zura waya ta gefen gilashi ya buɗe ƙofa, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari.

Ya ce, "Kofur, abin da ya fi shi ne a sake mazaunin makulli gaba ɗaya, har da na ƙofofi. Amma irin nata babu a kantunan garin nan, sai an aiko daga Ikko a jirgi. Sati biyu, ko uku. Mu tura ta Tarauni ta zauna wurina, in sa mata sarƙa."

Kofur ya girgiza kai. "Ba za ta bar ƙofar gidan nan ba, Saje."

Callistus ya buɗe baki zai yi gardama, sai Sa'adiya ta fito zaure da kwanon ruwa, tana tafiya a hankali, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Ya dube ta, ya dubi abokinsa, ya mayar da maganarsa ciki.

Ya ce, "To, a nan za mu yi."

Har magariba yana aiki. Ya jona wasu wayoyi a bayan mazaunin makulli, ya ja su ta ƙarƙashin shimfiɗa zuwa wani ɗan maɓalli da ya ɓoye a ƙasan kujerar direba. Yanzu Kofur yana iya tayar da motarsa ba makulli. Sannan ya buɗe gaban mota, ya ɓalle wani murfi, ya zaro wani ɗan baƙin abu da bai fi babban yatsa ba.

Ya ce, "Wannan rota ke nan. Shi yake raba wa inji wuta. In babu shi, ko wanda ya ƙera motar ya zo ba za ta tashi ba. Amma kada ka ajiye shi a ɗakinka, ɗakinka an riga an san hanya."

Sa'adiya tana tsaye daga bakin zaure. Ta miƙo hannu. Callistus ya yi dariya, amma bai ba ta ba sai da ya kira ta kusa ya nuna mata yadda ake mayar da shi. "Uwargida, kin ga wannan ɗan tsagin? Sai ya dace da nasa sannan ya zauna. Kada a tilasta shi." Ta gwada sau biyu, ta goge shi da gefen mayafi, ta ƙulle a haɓar zaninta.

Ranar Juma'a maza suka tafi masallaci, unguwa ta yi tsit. Sa'adiya tana zaune a inuwa tana ɓarar gyaɗa sai ta ji ƙarar ƙofar mota, sannan ta ji inji yana gurnani ya ƙi kamawa. Ya yi shiru, ya sake. Ta taɓa ƙullin da ke haɓar zaninta, ta ji yana nan. Ta miƙe da ƙyar ta je jikin katangar da ta raba ta da rumfar.

Ta ce, "Bawan Allah, ba za ta tashi ba. Kada ka ƙarar mana da batir, ina da tsohon ciki."

Gurnanin ya tsaya. Sai ta ji gudu. Da Kofur ya dawo ya sami ƙofar motar a buɗe, makullan biyu suna lilo a mazauninsu. Rigar da lambar ba a sake ganinsu ba, ba a kuma taɓa sanin ko wane ne ɓarawon ba. Kofur ya zauna a dakalin zaure da makullan a hannu. Ya ce me ya sa ba ta yi ihu ba. Ta ce ihun ne ya ƙi fitowa, maganar ce ta fito.

Bayan kwana shida, da hantsi, naƙuda ta taso. Felicitas ta kwana biyu a gidan tana jiran ranar, ita ta riƙo Sa'adiya zuwa kujerar baya. Kofur ya buɗe gaban mota, ya karɓi rota. Mutumin da ya ja mota a dajin Bama ana harbi, ranar nan ɗan abin nan ya gagare shi. Rota ya suɓuce ya faɗa ƙasa. Ya ɗauka, ya hure, ya danna, ya ƙi shiga.

Daga cikin mota Sa'adiya ta ɗaga murya don kunnensa, tana cije leɓe. "Malam, juya shi. Nemi tsagin. Kada ka tilasta."

Ya juya, abin ya zauna. Bugu ɗaya motar ta kama.

Bayan azahar aka haifi mace, sai da likita ya taimaka. Kofur yana tsugune a barandar asibiti, Felicitas ta fito ta tsaya ta gefen damansa ta gaya masa uwa da 'ya duk suna lafiya. Ya ce ta sake faɗa. Ta sake. Ya rufe fuska da hularsa.

Aka raɗa wa yarinyar Salamatu. Sabon mazaunin makulli ya iso bayan suna da kwana huɗu, Callistus ya zo ya ɗaura, ya canja na ƙofofin, ya ce ko da ɓarawon ya sa an yanka wani makullin a kasuwa, ya yi aikin banza.

Motar ta ƙara shekara tara a hanya. Kofur bai yi arziki da ita ba, don rabin tafiyarsa ta masu naƙuda ce da marasa lafiya, daga Gyadi-Gyadi har Unguwa Uku, kuma ba ya tambayar komai. Da injin ya mutu murus sai ya koma gona, ya riƙa koya wa masu neman lasin tuƙi a motocin wasu. Ya rasu yana da shekara saba'in da 'yan kai, bayan gajeriyar jinya. Callistus, wanda a lokacin ya koma garinsu da zama, ya yi kwana biyu a hanya ya zo gaisuwa. Ya zauna a zaure cikin malamai har aka yi addu'ar uku, sannan ya shiga ciki ya yi wa Sa'adiya sallama, ya kama hanya.