Zangon 'Yan Sikawut a Filin Makaranta

Duk dogon hutu nakan tara iyayen ƙananan 'yan sikawut ɗina a Gusau, mu zaɓi inda za a kai yara zango. In na ce duwatsun Tsafe, wata uwa ta ce hanyar ba lafiya. In na ce bakin gulbin Bungudu, wani uba ya ce ko shi ya daina zuwa gonarsa can. Ban ga laifinsu ba, amma na gaji da taron nan. Bara ma a filin makaranta muka kafa tanti. Ina koya musu yadda ake gane hanyar gida in an ɓace a daji, uwar wani yaro ta leƙo ta katanga, ta ce ya zo tuwo zai huce.