Murna ta tafi, kuma tarin bai bar layinmu ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya same ni. Murna ta rasu.

Murnar Rahila nake nufi, maƙwabciyata a kasuwa, mai sayar da doya, 'yar Agyaragu. Duk wanda ya taɓa zuwa sayen manja a wurina ya san jaririyar nan mai kumatu. Ko wata shida ba ta cika ba.



Yarinya ce marar ƙyuya. Kowa ya miƙa hannu sai ta tafi. In ta kama gefen mayafina ba ta saki sai na yi mata wasa. Har Bafulatanar da ke kawo mana nono sai ta ajiye ƙwaryarta ta ɗauke ta.

Uwar kuma, me zan ce? Lokacin da na haihu, Rahila ce ta riƙe mini rumfa har na yi arba'in. In na tafi salla ita ke goya ɗana. Ran Kirsimeti kuwa sai ta ba mahaucin layinmu kazarta ya yanka, don kawai ni ma in ci.

Ganina na ƙarshe da Murna, ana yayyafi. Majina ce da ɗan tari, irin wanda kowane yaro ke yi da damina. Amma da Rahila ta kwance goyon, na ji numfashin yana fita kamar ana busa usur. Ƙasan haƙarƙarinta yana lotsawa ciki duk sanda ta ja iska.

Rahila ta ce, "Maman Sadik, yarinyan nan ba ya kama nono. In ya kama sai ya saki, kamar ya gaji."

A take muka tare keke ta wuce asibiti.

Da na je dubiya ba a bar ni na shiga ba. Ta taga na hango ta, robar oksijin a hanci. Likita ya ce ba zazzaɓin sauro ba ne, wata ƙwayar cuta ce da suke kira RSV. Ya ce babu ƙasar da ba ta shiga, har Turai tana cika asibiti da jarirai. Kusan kowane yaro sai ya yi ta kafin ya shekara biyu, yawanci ta wuce kamar mura. Amma in ta sauka ƙirjin jariri, sai ta toshe ƙananan hanyoyin iska. Kuma mafi yawan yaran da take kashewa a irin ƙasashenmu suke, inda oksijin ke da nisa.

Rahila ta leƙo ta ce mini, "Ki je gida, Maman Sadik. Ki duba naki."

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni.

Yanzu haka a kan bencin asibiti nake rubuta wannan. Sadik ya tashi da majina. Tabarma ɗaya suke kwanciya da Murna a ƙarƙashin teburina. Jikan mai tumatir yana tari. 'Yan biyun da ke bayan gidanmu a Bukan Sidi suna tari. Matan da ke gabana a layi kowa da goyo, kuma ina jin usur ɗin nan daga bayan mace fiye da ɗaya.

Iyaye mata, don Allah ku ɗaga rigar yaro ku kalli ƙirjinsa. In yana lotsawa, in numfashi ya yi sauri, in ya ƙi nono, kar ku tsaya kyamis. Mai mura ya wanke hannu, ya daina sumbatar jariri.

Gobe za a kai Murna Agyaragu.

Ya Allah, ka sanyaya zuciyar Rahila da mijinta. Ka tsare mana sauran yaran, namu da na duniya duka. Musulmi da Kirista, duk wanda ya karanta, ya saka su a addu'a.

Ku saka Sadik ma. Nas ta kira sunansa.